Tambayoyi da amsoshi game da auna ƙarfin da zafin rana yake tarawa a cikin ƙarfen layin dogo

Tun daga watan Afrilun 2014 da aka buɗe tashar jirgin ƙasa ta Yamai, babban birnin Nijar, kuma aka shiga shimfiɗa layin da ya nufi Doso, mutanen wannan birni suka samu damar ganin ƙarfen dogo da idonsu, abin da a da sai wanda ya je Paraku ko Kano yake ba da labarinsa. A cikin tambayoyin da ɗaliban makarantun fasaha da masu walda da sauran masu sha'awar wannan aiki suke yawan yi, waɗanda suka shafi zafin rana sun fi yawa, kuma hakan ba abin mamaki ba ne a garin da ma'aunin zafi yake haura digiri 40 kusan kullum a watan Afrilu. An tattaro muhimman cikinsu a nan tare da amsoshinsu.

Me zafin rana yake yi wa ƙarfen dogo?

Duk wanda ya taɓa zama a ɗaki mai rufin kwano ya san ƙarar da kwanon yake yi da hantsi idan rana ta fara dukansa, da kuma wadda yake yi bayan magariba idan ya fara hucewa. Ƙarfen ne yake miƙewa yana komawa, ƙusoshin da suka riƙe shi kuma suna hana shi sakewa. Ƙarfen dogo ma haka yake, sai dai tsawonsa ya sa abin da ba a damu da shi ba a rufin ɗaki ya zama babban al'amari. Kowane mita ɗaya na irin ƙarfen da ake yin dogo da shi yana ƙaruwa da kimanin milimita 0.0115 idan zafinsa ya hau da digiri ɗaya. Adadin kamar abin rainawa ne, amma a kilomita ɗaya ya zama milimita 11.5, kuma idan zafin ƙarfen ya tashi da digiri 30 tsakanin asuba da azahar, wannan kilomitan zai nemi ƙarin wuri na kusan santimita 35.

Mutanen farko a wannan sana'a sun magance matsalar ta hanyar yin ƙarafan gajeru, mita 12 ko 18, suna haɗa su da faranti da noti, suna barin ƴar tazara a kowace mahaɗa. Ƙarfe mai mita 18 ba ya buƙatar fiye da milimita 8 da ƴan kai ko da zafinsa ya canza da digiri 40. Wannan tazara ita ce take ba da ƙarar nan da aka san tsoffin jirage da ita, kuma ita ce take cinye kan ƙarfe, take sassauta noti, take niƙe tsakuwar da ke ƙarƙashi. Shi ya sa a yawancin manyan layukan zamani ake haɗe ƙarafan da walda su zama guda ɗaya mai tsawon kilomitoci, abin da injiniyoyinmu da suka yi karatu da Faransanci suke kira LRS. Ƙarfen da aka yi wa haka, aka ɗaure shi a kan gumaguman siminti, aka binne gumaguman cikin tsakuwa, ba ya iya motsi sai a mita 100 zuwa 150 na kowane ƙarshensa. Miƙewar da aka hana shi kuwa tana nan, ta koma ƙarfi da yake taruwa a cikin jikinsa, kuma auna wannan ƙarfin shi ne batun wannan shafi.

Yaya girman wannan ƙarfi yake?

Duk digiri ɗaya da zafin ɗaurarren ƙarfe ya ƙaru yana ƙara matsi na kimanin megafaskal 2.4 a cikinsa (megafaskal awo ne na matsi). Domin a fahimci abin da wannan yake nufi, a ɗauki ƙarfen da ake kira UIC 60, wanda kowane mita ɗaya nasa yake da nauyin kilo 60, kuma faɗin fuskarsa idan aka yanka shi ya kai kusan murabba'in santimita 77. A irin wannan ƙarfe, digiri ɗaya yana daidai da ƙarfin turi na kusan tan 1.9. Idan zafin ya ƙaru da digiri 25, ƙarfe ɗaya yana ɗauke da kusan tan 47, wato kamar nauyin tirela da lodinta, kuma tun da layi yana da ƙarafa biyu, jimillar ta kusa tan 95.

Akwai wani abu da yake ba ɗalibai mamaki a nan, wato tsawon ƙarfen bai shiga cikin lissafin ba. Layi mai kilomita 2 da mai kilomita 50 ƙarfi iri ɗaya suke ɗauka a tsakiyarsu matuƙar zafinsu ɗaya ne, domin kowane mita yana tura maƙwabcinsa da daidai ƙarfin da maƙwabcin yake turo shi. Da ba don haka ba, da babu wanda zai iya yin walda ga layi mai tsawo.

Mene ne zafin daidaito da ake yawan ambata?

Shi ne zafin da idan ƙarfen ya kai shi ba ya cikin matsi kuma ba ya cikin ja, yana kwance ne a sake kamar wanda ba a ɗaure ba. A ranar da aka shimfiɗa layi, zafin daidaito shi ne zafin da ƙarfen yake da shi a lokacin da aka ɗaure shi aka yi waldar ƙarshe, sai fa idan an ja shi da inji domin a ɗaga adadin. Idan zafin ƙarfe ya haura wannan adadi, yana cikin matsi, yana neman inda zai goce. Idan ya sauka ƙasa da shi, ƙarfen ya ɗame kamar tsirkiyar molo, yana neman inda zai tsinke. Don haka idan injiniya ya ce zai auna ƙarfin da ke cikin layi, a zahiri zafin daidaito yake nema, domin da zarar ya san shi, sauran lissafin ɗebewa da ninkawa ne kawai.

Me ya sa ma'aunin zafi kaɗai bai isa ba?

Ma'aunin zafi yana ba da rabin amsar ne. Akwai na musamman mai maganaɗisu da ake mannawa a jikin ƙarfen, a siririn ɓangaren nan da ke tsakanin kansa da gindinsa, ta gefen da rana ba ta duka, a bar shi wasu mintoci kafin a karanta. Ana yin haka ne saboda zafin ƙarfe dabam yake da zafin iska da gidan rediyo yake sanarwa: a tsakar rana mai haske ƙarfen yana iya fin iska zafi da digiri 20. A ranar da aka ce Yamai ta kai digiri 44, bai kamata kowa ya yi mamaki ba idan ƙarfen dogo ya haura 60.

To amma idan ma'aunin ya nuna 60, wannan bai faɗi komai ba game da haɗari har sai an san daga ina aka fara ƙidaya. Ƙarfen da zafin daidaitonsa yake 40 yana ɗauke da matsin digiri 20, wanda nasa yake 25 kuwa yana ɗauke da na digiri 35, alhali su biyun zafinsu ɗaya, kamanninsu ɗaya. Wahalar aikin duka a nan take. Abin da ya miƙe ana iya sa masa awo a gani, amma ɗaurarren ƙarfe bai motsa ko da milimita ɗaya ba, saboda haka ido ba ya ganin komai, tef ɗin awo ma ba ya nuna komai, har zuwa daƙiƙar da layin zai goce gefe.

Idan an rubuta zafin daidaito ranar shimfiɗa layi, me zai sa a sake auna shi?

Saboda ba ya tsayawa inda aka bar shi, kuma galibi ƙasa yake yi, wato ɓangaren da ya fi haɗari ga ƙasa mai zafi. Jirgi mai nauyi idan ya taka birki a gangara ko a bakin tasha yana tura ƙarfen gaba kaɗan-kaɗan, sai ƙarfe ya cunkushe a wani wuri ya yi ƙaranci a wani. A kan kwana, sanyin dare yana jan layin zuwa ciki, kuma idan aka zo gyara aka daddale shi a inda ya koma, an gajarta hanyar ba tare da an rage ƙarfen ba. Maɗauran da suka tsufa suna sakin riƙo. Gada da mararrabar mota da wurin sauya layi duka wurare ne da ƙarfe yake tokarewa, sai matsi ya taru a gabansu.

Mafi muni a cikin dalilan shi ne gyaran gaggawa a lokacin sanyi. A ce ƙarfe ya tsinke da asuba a watan Janairu, bakunan biyu suka ja da baya suka bar tazara. Ma'aikata suka zo suka yanke wurin, suka sa sabon guntu daidai da faɗin ramin da suka tarar, jirgi ya wuce, kowa ya ji daɗi. Abin da suka yi shi ne sun ƙara ƙarfe a cikin layin, kuma zafin daidaito na wannan wuri ya sauko kusa da zafin wannan asubar. Babu abin da zai faru a Fabrairu. Sakamakon yana jiran bazara.

Wace hanya ce aka fi amincewa da ita wajen awo?

Yanka ƙarfen. Ita ce mafi tsufa, kuma har yanzu da ita ake gwada ingancin sababbin na'urori. Ana zaɓar lokacin da ƙarfen ya yi sanyi ƙasa da zafin daidaito, a sa alama a gefe biyu na inda za a yanka, a yanka, a kwance maɗaurai na wani tsawo da aka sani, a ɗora ƙarfen a kan ƙananan tayoyi domin ya zame ba tare da cikas ba, sannan a auna yadda ya janye. A ce an saki mita 200, zafin ƙarfen yana digiri 20, ya janye da milimita 35. Tun da mita 200 suna canzawa da milimita 2.3 a kowane digiri, milimita 35 na nufin kusan digiri 15, wato zafin daidaito yana wajen 35.

Aibin wannan hanya a fili yake. Sai an rufe layi na sa'o'i, sai an kawo masu walda su sake haɗe abin da aka yanka, kuma kowace sabuwar walda wuri ne da zai iya tsagewa nan gaba. Ban da haka, awon yana shafe abin da aka auna, domin bayan an yanka an saki ƙarfen, tsohon adadin ya tafi.

Akwai hanyar awo ba tare da yanka ba?

Akwai, kuma wadda ta fi karɓuwa ita ce ta ɗagawa. Mai jan ruwa ya san cewa igiyar da ta ɗame tana da wuyar turawa gefe fiye da sako-sako, kuma a kan wannan dabara aka gina hanyar. Andrew Kish da Gopal Samavedam, waɗanda suka yi shekaru suna nazarin gocewar layin dogo a Amurka, sun yi aiki a kanta, sannan a Ingila aka ƙera na'ura mai suna VERSE wadda ma'aikata kaɗan za su iya ɗauka zuwa wurin aiki. Ana kwance maɗaurai na kimanin mita 30, a tallafe ƙarfen a wurare biyu, sannan a ɗaga tsakiyarsa da jak mai aiki da matsin mai, da ƙarfin da ya kai kusan tan ɗaya. Na'urar tana rubuta ƙarfin da aka sa da kuma tsayin da ƙarfen ya tashi. Gwargwadon ɗamewarsa, gwargwadon ƙin tashinsa. Ana haɗa wannan da zafin ƙarfen a lokacin, da nau'insa, da yadda kansa ya cinye, sai kwamfuta ta fitar da zafin daidaito.

Sharaɗinta shi ne dole ƙarfen ya kasance cikin ja a lokacin awo, domin kwance mita 30 na ƙarfen da ke cikin matsi ganganci ne da zai iya raunata ma'aikata. A ƙasarmu Nijar wannan sharaɗi yana da nauyi sosai. A watan Mayu daren Yamai yakan tsaya wajen digiri 28 zuwa 30, saboda haka layin da zafin daidaitonsa ya faɗi zuwa 27, wato wanda aka fi buƙatar a gano shi, shi ne wanda ba zai yiwu a auna shi ta wannan hanya a bazara ba. Lokacin da ya dace shi ne asubahin Disamba da Janairu, lokacin ɗari, domin a samu watanni biyu ko uku na gyara kafin zafin bazara ya shigo.

Na'urorin da ake liƙawa a jikin ƙarfe fa?

Waɗannan ƙananan ma'aunai ne na siririyar waya ko takardar ƙarfe, waɗanda yadda suke barin lantarki ya wuce yake canzawa idan aka miƙe su ko aka matse su. Ana liƙa ɗaya a tsawon ƙarfen, ɗaya kuma a tsaye. Ta tsawo an hana ƙarfen motsi, ta tsaye kuwa babu abin da ya tare shi, sai a kwatanta biyun a gane ƙarfin da ke ciki. Ana haɗa su da ma'aunin zafi da batir, wani lokaci da ƙaramin faifan hasken rana, su riƙa aika adadi zuwa ofis dare da rana.

Raunin su shi ne canji kawai suke gani, daga ranar da aka liƙa su zuwa gaba. Idan aka liƙa su a kan layin da ba a san halinsa ba, za su ce ƙarfi ya ƙaru da kaza, ba za su ce daga nawa ya tashi ba. Don haka ana sa su ne ranar shimfiɗa ko ranar da aka saki ƙarfen, ko kuma a auna wurin ta hanyar ɗagawa a ba su mafari. Sannan kowace tana faɗin halin inda take ne kawai, shi ya sa ake ware su ga wuraren da ake tsoro, kamar kwana mai tsanani da bakin doguwar gada.

Me ya hana a ƙera ƙaramar na'urar hannu da za a ɗora a kan ƙarfe ta faɗi adadin nan take?

An yi shekaru da dama ana neman ta, kuma an bi hanyoyi da yawa. Akwai masu aika sautin da kunne ba ya ji ta cikin ƙarfen, domin gudun sautin yana ɗan canzawa da matsi, kuma masu bincike a Jami'ar Kalifoniya da ke San Diego sun yi aiki a kan wani nau'i na wannan. Akwai masu amfani da maganaɗisu, suna sauraron ƙananan tsalle-tsallen maganaɗisun cikin ƙarfe da Heinrich Barkhausen ya gano a 1919, waɗanda yanayinsu yake bambanta tsakanin matsattsen ƙarfe da jajjayayye. Akwai masu haska ƙarfen da irin hasken da ake ɗaukar hoton ƙashi da shi domin auna tazarar ƙwayoyinsa. Akwai kuma masu girgiza shi su saurari amonsa, kamar yadda makaɗin kalangu yake matse tsirkiya sautin ya tashi.

Kowace daga cikinsu tana aiki a ɗakin gwaji, amma a fili abokin gabarsu ɗaya ne. Ƙarfen dogo yana fitowa daga masana'anta da nasa matsin a ciki, wanda ya samu lokacin da aka ratsa shi ta cikin manyan tayoyi domin miƙar da shi. Ƙa'idar Turai ta yarda wannan matsi ya kai megafaskal 250 a gindin ƙarfen, wato daidai da abin da zafin sama da digiri 100 zai haifar. Ƙafafun jirgi kuma suna ƙara nasu a kan ƙarfen shekara da shekaru. Mai awo yana neman bambancin digiri 3 ko 4 ne a cikin wannan hayaniya, ga shi kuma canjin gudun sauti bai wuce kimanin kashi ɗaya cikin dubu ba ga megafaskal 100. Saboda haka yawancin waɗannan na'urori sai an daidaita su da irin ƙarfen da za a auna kafin a gaskata su, kuma injiniya mai hankali yana tabbatar da abin da suka faɗa ta wata hanya ta biyu kafin ya yanke shawara.

Wane zafin daidaito ne ya dace da ƙasarmu?

Kowace ƙasa tana zaɓar nata gwargwadon yanayinta. A Birtaniya ana ɗaure layi a kan digiri 27. A Amurka adadin yana kamawa daga wajen 35 zuwa 43, ya danganta da yankin. Hanyar zaɓen ita ce a ɗauki mafi ƙarancin zafi da mafi yawan zafi da ƙarfen zai gani a shekara, a nemi tsakiyarsu, sannan a ɗan ƙara sama, domin gocewa ta fi tsinkewa haɗari kuma adadin yana raguwa da kansa.

A matsayin misalin lissafi, a ɗauka ƙarfe a yankin Tawa ko Maraɗi yana sauka zuwa digiri 10 a daren hunturu, yana hawa zuwa 65 a tsakar ranar bazara. Tsakiyar ta kama 37.5, idan aka ɗan ƙara sai a samu wajen 40. Da wannan adadi, ƙarfen UIC 60 zai ɗauki turi na kusan tan 47 a rana mafi zafi. Da a ce an kwafo adadin Birtaniya na 27 aka yi aiki da shi a nan, turin zai haura tan 70. Wannan ya isa ya nuna cewa littafin ƙa'idar da aka rubuta domin wata ƙasa ba a ɗaukarsa yadda yake. Batun ya shafe mu kai tsaye, tun da layin Kano zuwa Maraɗi mai kimanin kilomita 284, wanda aka aza harsashinsa a Fabrairun 2021, yana ratsa irin wannan yanayi ne daga farkonsa har ƙarshensa.

Faɗin layi yana da tasiri?

A kan matsin da ke cikin ƙarfen, babu. Layin Yamai zuwa Doso da na Kwatano zuwa Paraku a ƙasar Benin faɗinsu mita ɗaya ne, na Kano zuwa Maraɗi kuma milimita 1435, amma digiri ɗaya megafaskal 2.4 ne a kowannensu. Bambancin yana wajen juriya, wato nauyin gumagumai da yawan tsakuwar da ke kafaɗun layin da tsananin kwanoni.

Yaya gocewar layi take faruwa?

A ɗauki karan dawa a tokare shi da tafin hannu biyu a riƙa matsawa. Zai jure har wani lokaci, sannan ya lanƙwashe gefe gaba ɗaya ba tare da gargaɗi ba. Leonhard Euler ya yi lissafin wannan tun a 1744. Layin dogo dogon kara ne wanda tsakuwa ce kaɗai take hana shi fita gefe, kuma abubuwa uku ne suke haɗuwa su kayar da shi: matsi mai yawa, tsakuwa mai rauni, da ƴar karkata da take nan tun farko. Sau da yawa gocewar tana faruwa ne a ƙarƙashin jirgi, domin nauyin ƙafafunsa yana danne layin a wani wuri yana ɗan ɗaga shi a tsakani, sai gumaguman su saki tsakuwa na ɗan lokaci. Kan jirgin yana iya wucewa lafiya, taragun baya su sauka.

Lokacin da ya fi hatsari shi ne kwanakin da suka biyo bayan gyara, domin injin da yake ɗaga layi ya cusa tsakuwa yana rage riƙon ta sosai, kuma sai jirage sun bi ta kai sun daddale ta kafin ƙarfinta ya dawo. A ranar 18 ga Afrilun 2002 jirgin fasinja na kamfanin Amtrak na Amurka ya sauka daga layi kusa da Crescent City a jihar Florida, mutum huɗu suka rasu, kuma hukumar binciken haɗurran sufuri ta Amurka ta gano cewa gocewar zafi ce, a wurin da ba a yi aikin gyaran layi yadda ya kamata ba. Shi ya sa ake rage gudun jirage bayan gyara da kuma a ranakun tsananin zafi, kamar yadda aka yi a Ingila a Yulin 2022 lokacin da zafin iska ya kai digiri 40.3 a karon farko.

Tsinkewa a lokacin sanyi ita ma matsala ce, sai dai a layin da ake tura lantarkin sigina ta cikin ƙarfe, tsinkewar tana yanke lantarkin, fitila ta koma ja. Layin da ya goce kuwa bai tsinke ba, lantarki yana wucewa, fitila tana nan kore.

Idan awo ya nuna adadin ya faɗi, me ake yi?

Ana sake daidaita layin. Ana yanka ƙarfen da sanyin safiya, a kwance maɗaurai, a ɗora shi a kan ƙananan tayoyi, a bubbuga shi domin ya saki jikinsa, sannan a lissafa yawan jan da yake buƙata. Idan tsawon mita 500 ne, zafin ƙarfen yana 22, ana son daidaito a 40, bambancin digiri 18 ne, wanda ya ba da kusan milimita 104. Sai a yanke rarar ƙarfen, a bar gurbin walda, a ja shi da inji mai matsin mai. Kafin a fara ja ana sa alamomi a kan ƙarfen da gumaguman a tazara daidai, domin a tabbatar miƙewar ta rarrabu a duk tsawon, ba ta taru kusa da injin kaɗai ba. Daga nan a mayar da maɗaurai, a yi walda, yawanci irin wadda Hans Goldschmidt ya ƙirƙiro a ƙarshen ƙarni na 19, inda garin alminiyam da tsatsar ƙarfe suke ƙonewa su zubo narkakken ƙarfe a cikin gurbin. Ba a sakin injin sai waldar ta huce ta yi ƙarfi.

Shafa wa ƙarfe farin fenti yana taimakawa?

Yana rage zafin ƙarfen da digiri 5 zuwa 10, kuma ana yin sa a Birtaniya da Italiya a wuraren da ake tsoro. A ƙasar da ƙurar hunturu take rufe komai, farin ba zai daɗe ba, kuma ko ya daɗe bai gyara zafin daidaiton da ya faɗi ba.

Layin da jirgi ba ya bi yana buƙatar wannan kulawa?

Rana ba ta duba jadawalin jirage. Layin Yamai zuwa Doso, mai kimanin kilomita 143, wanda kamfanin Bolloré ya shimfiɗa kuma aka ƙaddamar a Janairun 2016, bai shiga jigilar yau da kullum ba, amma duk ƙarfen da ke kwance a fili yana miƙewa da rana yana komawa da dare, ko jirgi ya bi ko bai bi ba. A kowane layi da aka bari, ruwan damina yana kwashe tsakuwar kafaɗa, dabbobi da amalanke suna tarwatsa ta a inda suke tsallakawa, yashi yana cike tazarar mahaɗa har ƙarafan da aka haɗa da noti su rasa wurin miƙewa su koma kamar waɗanda aka yi wa walda, ba tare da an shirya su domin haka ba. Masu kula da layin ma'adinai na Mauritaniya mai kilomita 704, daga Zuwerat zuwa Nuwadibu, sun san cewa yaƙi da yashi aiki ne na kullum. Kafin a dawo da jirgi kan layin da ya daɗe a ajiye, dole a bi shi da ƙafa, a auna tazarar kowace mahaɗa tare da zafin ƙarfen a lokacin, a kuma auna zafin daidaito a duk inda aka yi walda.

Me ya kamata a rubuta bayan kowane awo ko gyara?

Kwanan wata da sa'a, da kilomita da mitar wurin, da ko ƙarfen dama ne ko na hagu, domin su biyun suna iya bambanta, musamman a kan kwana. Sai zafin ƙarfen da aka karanta a ma'auni, da hanyar da aka bi wajen awo, da adadin da aka samu. Idan an yanka ƙarfe, a rubuta tazarar da ke tsakanin alamomin biyu kafin yanka da bayan walda, domin wannan bambanci shi ne zai nuna ko an ƙara ƙarfe ko an rage, da milimita nawa. A wasu layukan ana rubuta waɗannan adadi da fenti a jikin ƙarfen kansa, kusa da waldar, ban da wanda ke cikin littafin ofis. Duk wurin da aka ƙara ƙarfe a lokacin ɗari ana shigar da shi cikin jerin wuraren da za a koma a sake daidaitawa, kuma a yanayin Yamai da Tawa wa'adin komawar bai kamata ya wuce ƙarshen Fabrairu ba.